Sautin Madabod Da Hedifon Mai Tsada: Yaushe Yake Isa, Yaushe Yake Gazawa?

A Kalambaina, yankin da ke yammacin birnin Sakkwato wanda aka fi sani da masana'antar siminti, akwai matasan da abincinsu ke fitowa daga kwamfuta da kunne. Wani bidiyon biki yake haɗawa. Wani karatun malamai yake tacewa, yana yanka shi gajere-gajere don a tura a WhatsApp. Wani yana koyon haɗa kiɗa da manhajar FL Studio, wani kuma idan ya taso daga aiki wasan kwamfuta ne hutunsa. Wata rana iyafis ɗin waya yakan daina gamsar da irin waɗannan, sai mutum ya tara kuɗi ya yi odar hedifon na kirki daga Kano ko Legas.

Wani yana soka shi a kwamfuta sai ya ji abin da ya biya kuɗi dominsa. Wani kuwa ya ƙure murya har ƙarshe amma sautin ba ƙarfi, ko ya riƙa jin wani zuuu a ƙarƙashin duk abin da ya kunna. Idan ya koma shago, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce sautin madabod ba shi da kyau, sai an sayi katin sauti. Shekara 25 da suka wuce wannan magana gaskiya ce. A yau tana bukatar bincike kafin a ciro kuɗi, musamman da yake duk waɗannan kaya da dala ake shigo da su.

Ga mafi yawan hedifon da ake samu a kasuwannin Arewa, sautin da ya zo a kan madabod, wato babban allon da ke riƙe da sassan kwamfuta, ya isa. Inda yake gazawa, ba a lambar da aka rubuta a kwali matsalar take ba. Ko dai ƙarfin tura hedifon ɗin ne ya yi kaɗan, ko kafar da ake soka shi ce ke cinye ƙarfin, ko kuma hayaniyar lantarki ce ke kutsowa. Kowanne da alamarsa, kuma kowanne da nasa magani.

Abin da ke kan allon

Duk wanda ya buɗe kwamfutar tebur ya duba kusurwar madabod ta ƙasa wajen hagu, yawanci zai ga ɗan ƙaramin aisi mai hoton ƙaguwa. Tambarin kamfanin Realtek ne na ƙasar Taiwan, wanda aisinsa na sauti ya mamaye kwamfutocin duniya. Aikinsa biyu ne. Yana mayar da lambobin da ke cikin fayil su zama siginar lantarki da kunne zai iya ji, wannan sashe shi ake kira DAC. Sannan yana yin akasin haka ga muryar da ta shigo ta makirufo. Bayan DAC akwai ɗan amfilifaya, ko a cikin aisin ko a gefensa, wanda ke tura siginar zuwa hedifon.

Mummunan sunan da sautin madabod ya yi yana da tarihi. A farkon zamanin kwamfutar tebur, ba abin da take iyawa sai ɗan ƙaran fit-fit. Wanda ke son kiɗa sai ya sayi kati daban, kuma katin Sound Blaster na kamfanin Creative da ke Singafo, wanda ya fito a 1989, shi ya riƙe kasuwa shekaru da yawa. A 1997 Intel ta fito da tsarin AC'97 wanda ya sa ɗora sauti a kan madabod ya zama ruwan dare, sai dai ingancinsa a alluna masu araha abin kunya ne. A 2004 aka maye gurbinsa da tsarin HD Audio, kuma shi ake amfani da shi har yanzu. Tun daga nan abubuwa suka gyaru sosai, amma sunan bai gyaru ba.

Lambar da ake talla da ita

Kamfanoni sun fi son tallata tazarar da ke tsakanin sautin da ake so da hayaniyar da aisin ke haifarwa da kansa, ana auna ta da desibel. Aisin ALC892 an rubuta masa 95, ALC887 da ALC897 kuma 97, shi kuwa ALC1220 da ake sakawa a alluna masu tsada 120. Mai karatu zai ga kamar tazarar na da yawa, kuma a takarda haka ne.

Sai dai faifan CD, wanda shi ne ma'aunin sauti mai tsabta tun 1982, iyakar faɗinsa kusan desibel 96 ne. Ke nan ko aisin mai araha ya kai iyakar abin da ke cikin faifan. Kuma wa ke sauraron CD a yau? Abin da ke cikin kwamfutoci shi ne MP3 da aka matse, da sautin YouTube, da waƙoƙin Audiomack da Boomplay, da saƙon murya na WhatsApp wanda aka matse fiye da kowanne. Mai sha'awar waƙoƙin Narambaɗa ko Ɗankwairo ko Salihu Jankiɗi ya san yawancin abin da ke yawo daga kaset aka kwafo shi, kuma hucin kaset ɗin kansa ya fi hayaniyar kowane aisi ƙarfi nesa ba kusa ba. Babu DAC ɗin da zai cire wannan huci. Mai kyau ma ƙara bayyana shi zai yi.

Sannan ga ɗakin da ake zaune. Ɗaki mai tsit na da hayaniyar kusan desibel 30. A Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fankar sama na gudu, fankokin kwamfuta na kuka, wataƙila janaretan maƙwabci na aiki, ga tireloli masu ɗaukar siminti na wucewa a titin Kalambaina. A irin wannan wuri bambancin 97 da 120 ya nutse tun kafin ya iso kunne.

A 2014 shafin Tom's Hardware ya yi wani gwaji da aka daɗe ana muhawara a kansa. An haɗa na'urar Benchmark DAC2 mai kusan dala 2,000, da wasu biyu masu matsakaicin farashi, da aisin Realtek ALC889 wanda kuɗinsa bai wuce kusan dala 2 ba. Aka daidaita ƙarfin muryarsu, aka saurara da hedifon Sennheiser HD 800 ba tare da mai sauraro ya san wacce aka kunna ba. Masu sauraron sun kasa bambance su yadda za a dogara. Gwajin ƙarami ne, masu sauraron ba su da yawa, kuma allon da aka yi amfani da shi mai tsada ne, ba irin na tsohuwar kwamfutar ofis ba. Duk da haka ya nuna abu ɗaya a fili: sashen DAC ba shi ne inda kuɗi ke sayen bambanci mai yawa ba.

Inda ake samun gazawa ta gaskiya

Kowane hedifon na da lambobi biyu da suka fi sunan kamfaninsa muhimmanci ga wannan batu. Ta farko ita ce turjiyarsa ga wutar lantarki, ana auna ta da ohm, alamarta Ω. Ta biyu ita ce saurin amsawarsa, wato yawan ƙarar da yake bayarwa idan aka ba shi wani adadi na wuta.

Lissafin ba shi da wuya. Idan kafa ta ba da bolt 1, hedifon mai ohm 32 zai ja kusan miliwat 31, mai ohm 300 kuwa miliwat 3.3 kacal zai samu. Shi ya sa hedifon mai turjiya da yawa ke bukatar bolt mai yawa kafin ya yi ƙara. Duk lokacin da aka ninka bolt sau biyu, ƙara na ƙaruwa da desibel 6.

Hedifon da masu situdiyo suka fi amfani da su ba su da wahalar turawa. Audio-Technica ATH-M50x ohm 38 ne. Sony MDR-7506, wanda tun 1991 yake kan kunnuwan ma'aikatan rediyo da masu ɗaukar fim, ohm 63 ne kuma yana da saurin amsawa ƙwarai. Waɗannan ko tsohuwar HP ko Dell ta tokumbo za ta sa su yi ƙarar da ta fi ƙarfin kunne. Matsala na farawa da irin su Sennheiser HD 600 da HD 650 masu ohm 300, da Beyerdynamic DT 990 Pro mai ohm 250, da nau'in DT 880 mai ohm 600. A kan allo mai araha za su yi magana, amma sai an kai murya kusan ƙarshe, kuma idan aka zo wurin da kiɗa ya yi tsalle, kamar bugun kalangu mai ƙarfi bayan waƙa ta lafa, babu sauran ƙarfin da za a ba shi. Mai tace sauti ya fi kowa jin wannan, domin muryar da aka ɗauko ɗanya, kafin a gyara ta, tana da rauni fiye da waƙar da aka gama haɗawa.

Akwai kuma masu yaudara. AKG K702 ohm 62 ne, mutum zai ɗauka mai sauƙi ne, amma yana cin wuta. Haka yawancin hedifon masu faffaɗan maganaɗisu irin na kamfanin Hifiman: turjiyarsu kaɗan ce, saurin amsawarsu ma kaɗan ne, don haka suna bukatar amfilifaya mai iya zuba wuta da yawa. Duba ohm kaɗai ba ya wadatarwa.

Alluna masu ALC1220 da ALC4080 galibi suna da amfilifayar da ke iya kaiwa wajen bolt 2, wasu ma suna gane turjiyar hedifon da kansu su daidaita ƙarfi. Mai irin wannan allo zai iya riƙe hedifon mai ohm 250 ko 300 ba tare da ƙarin komai ba. Abin lura shi ne aisin ɗaya na iya zama a alluna biyu sautinsu ya bambanta, domin yadda aka shimfiɗa layukan allon da kayan da aka kewaye aisin da su suna da tasiri kamar aisin kansa.

Lambar da ba a rubutawa a kwali

Kafar da ake soka hedifon ita ma tana da tata turjiya, kuma kusan babu kamfanin madabod da ke bayyana ta. Na'ura mai kyau takan kasance ƙasa da ohm 1 ko 2. A madabod da yawa kuwa takan kai gomomi, wasu har wajen 75.

Turjiyar kafa da ta hedifon suna raba bolt ne kamar yadda abokan jari ke raba riba, kowa gwargwadon abin da ya zuba. Idan kafa na da 75, hedifon na da 32, jimla 107 ke nan, hedifon zai samu kashi 32 cikin 107, bai kai sulusi ba. Sauran ya tafi a banza. Idan hedifon mai ohm 300 ne, zai samu kashi huɗu cikin biyar. Wato abin ya juya: hedifon mai turjiya da yawa shi ne wannan matsala ba ta cika damu ba, mai turjiya kaɗan wanda ake ɗauka ba shi da rigima shi ke shan wahala.

Asarar ƙara ba ita ce babbar illar ba. Turjiyar hedifon ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa da sauka gwargwadon kaurin sauti ko sirantarsa. Sennheiser HD 599 an rubuta masa ohm 50, amma a wajen amo mai kauri, kusa da 100 Hz, turjiyarsa na haura 200. A kan kafa mai ohm 75 wannan yanki zai samu rabo mafi girma fiye da sauran, sai bes ya kumbura da kusan desibel 5. Mai sauraron nishaɗi ma yana iya jin daɗin haka. Amma mai haɗa waƙa zai ji bes ya yi yawa ya rage shi, sai waƙar ta fita a wayoyin mutane ba nauyi, kuma ba zai san daga ina aka samu matsalar ba. Ƙananan iyafis masu tsada da ke da sifika fiye da ɗaya a ciki su ma sautinsu na karkacewa ta wannan hanya.

Ƙa'idar da masana sauti suka saba bi ita ce turjiyar kafa kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Mai ohm 32 na son kafar da ba ta wuce 4 ba. Mai gyaran waya da ke da mita zai iya aunawa: a kunna sauti mai amo ɗaya na 100 Hz, a auna bolt a bakin waya ba tare da an jona komai ba, sannan a jona rezisto mai ohm 33 a sake aunawa. Idan bolt ya faɗi zuwa rabi, turjiyar kafar ta kai ta reziston. Idan da ƙyar ya motsa, kafar lafiya lau take.

Wuta, atin da ƙura

A Sakkwato, kamar Kaduna da Kabi da Zamfara, kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta, kuma kamar ko'ina a Najeriya kwamfuta ɗaya na iya shan wuta iri uku a yini guda: ta layi, ta janareta, da ta inbata mai sola. Kowacce da irin hayaniyar da take kawowa, kuma a nan ne ake yawan ɗora wa madabod laifin da ba nasa ba.

Wutar Najeriya bolt 230 ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Idan ta kutsa cikin sauti, ana jin gurnani mai kauri wanda ba ya canzawa. Babban dalilinsa rashin wayar ƙasa ne, wadda masu wayarin ke kira atin. Soket na da ramuka uku, amma a gidaje da shaguna da yawa na ukun ba a haɗa shi da komai ba, ko kuma ekstenshan mai araha ne da wayoyi biyu kawai a ciki. Alamarsa sananniya ce: mutum ya taɓa jikin kwamfuta ba takalmi ya ji tana ɗan jan sa. Wannan gurnani ya fi fitowa a makirufo, da kuma lokacin da aka jona kwamfuta da wata na'ura mai shan wuta daga wani soket. Duk wanda ya taɓa jawo waya daga miksar masallaci ko ta wurin taro zuwa laftof, ga janareta na aiki, ya san wannan ƙara. Katin sauti na dubban nairori ba zai kawar da ita ba. Mai wayarin ne zai kafa sandar atin a ƙasa ya haɗa ta yadda ya dace, sannan a jona duk na'urorin a ekstenshan ɗaya mai wayoyi uku. Wasu na ba da shawarar a karya ƙafa ta uku ta fulogi don ƙarar ta tafi. Wani lokaci tana tafiya, amma wannan ƙafar ita ce ke kare mutum ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen kwamfuta, don haka ba abin yi ba ne.

Inbata mai araha wadda ba ta fitar da wuta mai santsi tana kawo zuuu mai kaifi kamar na ƙudan zuma. Haka cajar laftof ta jabu. Gwajin wannan minti ɗaya ne: a tsayar da waƙa, a bar murya inda aka saba, a zare caja. Idan ƙarar ta ɓace da laftof ta koma kan batir, an gano mai laifi.

Akwai kuma ƙarar da ake haifarwa a cikin akwatin kwamfutar. Alamarta ita ce tana bin abin da ake yi: a motsa linzami ta yi tsiii, a buɗe wasa ta canza murya. Katin hoto da sashen wutar furosesa ne ke watsa ta, kuma wayar da ta taso daga madabod zuwa kafar gaba, wadda galibi siririya ce ba ta da rufin kariya, ita ke kwasowa. A mayar da hedifon kafar baya mai launin kore a saurara. Idan an samu sauƙi, sai a buɗe akwatin a janye wannan waya daga kusa da katin hoto da wayoyin wuta. Sai dai a wasu alluna amfilifayar hedifon a kafar gaba aka haɗa ta, ta baya kuma don sifika aka yi ta, saboda haka gara a gwada duka biyun a duba littafin allon.

Ƙura kuwa ba sai an yi dogon bayani ga mutumin Kalambaina ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika kowane rami da ita. Idan sauti na ƙaraƙaf-ƙaraƙaf lokacin da aka juya kan hedifon a cikin kafa, ko kunne ɗaya na ɗaukewa yana dawowa, datti ne ko kafar ta saki. A kashe kwamfuta, a hure ramin da iska, a goge kan fulogin da sifirit mai tsabta, a soka a zare sau da yawa. Ba a zuba ruwa ko man inji.

Kafin a yanke hukunci kuma a leƙa saitunan Windows. A kashe duk ƙarin kwalliyar sauti da aka kunna, irin su sautin kewaye na bogi da mai daidaita ƙara. A manhajar Realtek Audio Console a tabbatar an zaɓi cewa hedifon aka soka, ba sifika ba, domin a wasu alluna wannan zaɓi ne ke kunna amfilifaya. Tsofaffin kwamfutocin ofis da aka sake wa Windows a shago sau da yawa ba a saka musu direban sautinsu na asali ba.

In an tabbatar allon ne ya gaza

Mataki na farko ba babba ba ne. Ɗan guntun wayar nan da ke mayar da kafar USB-C zuwa kafar hedifon, wanda ya yaɗu bayan kamfanonin waya sun fara cire kafar, cikakken DAC ne da amfilifaya a ciki. Na kamfanin Apple dala 9 ne a Amurka, turjiyar kafarsa ba ta kai ohm 1 ba, hayaniyarsa kaɗan ce ƙwarai, kuma yana aiki a Windows. Kwamfutar da ba ta da USB-C sai a haɗa da ɗan adafta. Wannan kaɗai na magance kumburin bes da hucin da ake ji a iyafis masu saurin amsawa. Abu biyu ne abin kiyayewa. Nau'in da ake sayarwa a Amurka na ba da bolt 1, na Turai kuwa rabin bolt, kuma kayan da ke shigowa Najeriya daga ko'ina suke zuwa. Na biyu, jabunsa ya cika kasuwa, wasu ma babu DAC a cikinsu sam.

Ɗan katin USB mai araha da ake rubuta wa 7.1 ko 3D a jiki, wanda ake gani a kusan kowane shagon kayan waya, amfaninsa shi ne ceton kwamfutar da kafarta ta mutu. Ta fuskar inganci sau da yawa bai kai na madabod ba. Haka akwatin V8 da masu shirin kai-tsaye a TikTok ke so: yana da tafi da amsa-kuwwa da canza murya, amma ba a yi shi don tsabtar sauti ba.

Mai hedifon na ohm 250 zuwa sama, ko mai faffaɗan maganaɗisu, shi ne ke da hujjar sayen amfilifaya ta gaske daga irin su FiiO, Topping ko JDS Labs. Idan madabod ɗinsa ba ya hayaniya, amfilifaya kaɗai ta isa, a jona ta a koriyar kafar baya. Wanda hedifon ɗinsa na Bluetooth ne ko na USB, irin na Oraimo ko HyperX Cloud II idan an yi amfani da katinsa, wannan muhawara ba ta shafe shi ba, domin sautinsa ba ya bi ta aisin madabod ko kaɗan.

Mai naɗar murya lamarinsa daban. A wajen shigar da sauti ne madabod ya fi rauni, kuma a nan shawarar mai shago gaskiya ce. Kafar makirufo mai launin hoda na da huci, ba ta karɓar makirufo mai fulogin XLR, ba ta ba da bolt 48 da makirufon situdiyo ke bukata, kuma jinkirin da ke tsakanin magana da jin ta a kunne na rikita mawaƙi. Duk mai niyyar ɗaukar waƙa ko karatu ko shirin da zai kai gidan rediyo irin Rima, akwatin sauti na USB kamar Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC22 wajibi ne gare shi, kuma yana zuwa da kafar hedifon tasa. Ko a nan a duba, domin ƙananan akwatunan da ke shan wuta daga USB ba duka ke iya tura ohm 250 da kyau ba. Wanda zai yi aiki da su gara ya zaɓi hedifon mai ohm 80 ko ƙasa.

Maganar ƙarfi da lafiyar kunne

Amfilifaya ƙara take sayarwa, kuma ƙara na da farashin da ba na kuɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba. Idan aka kai desibel 90, lokacin na faɗuwa zuwa awa 4 a mako. Kunne ba ya ware ƙarar wurin aiki daban, ta nishaɗi daban, duka yake tarawa. A gari irin Kalambaina, inda aka fara sarrafa siminti tun 1967 kuma aka buɗe sabbin layuka a 2018 da 2022, akwai mutane da yawa da ke yini kusa da injina da manyan motoci. Wanda ya dawo daga irin wannan aiki ya ɗora hedifon ya ƙure murya don ya danne kukan janareta yana ƙara wa kunnensa kaya a kan kaya. Idan bayan an cire hedifon ana jin kunne na ƙara shi kaɗai, ko maganar mutane ta zama kamar daga nesa, an wuce iyaka.

Wannan ma dalili ne na zaɓar hedifon mai rufaffen baya a wuri mai hayaniya. HD 600 da DT 990 buɗaɗɗun baya ne, duk abin da ke faruwa a ɗaki yana shiga, sai mutum ya yi ta ƙara murya yana zaton madabod ne ba shi da ƙarfi. Rufaffe irin M50x ko DT 770 Pro na tare wani sashe na hayaniyar, sai a saurara a hankali a ji komai.

Ranar saye, a tafi da fayil ɗin da aka sani sosai a filashi, muryar mai karatu ko mawaƙin da kunne ya saba da shi, da kuma kiɗa mai ganga. Idan za a gwada na'ura biyu a daidaita ƙararsu tukuna, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne ke cewa ta fi kyau, ko da bambancin bai kai desibel 1 ba. Sannan a karanta kwali da kyau. Beyerdynamic DT 770 Pro na zuwa a nau'i uku, ohm 32 da 80 da 250, kuma a hoton talla da wuya a bambance su. Mai tsohuwar kwamfutar ofis ko laftof ya ɗauki na 80. Na 250 sai wanda ya riga ya tanadi abin tura shi.